Musayar Gambo da Bahagon Kusada

Na gaji da jin maganar nan a bakin waɗanda ko cikinsu ba a ɗauka ba lokacin da abin ya faru. Kwanan nan ma wata yarinya ta shigo sayen daddawa, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta dube ni ta ce, ashe ni ce Tabawar da ta hana Kankiya cin sa a dambe. Tunda abin ya kai bakin jikokin jikoki, na ce a kawo alƙalami a zauna, ni in faɗa, mai hannu ya rubuta. Ban yi boko ba, allo ma ban wuce abin salla ba, amma abin da idona ya gani babu mai karanta mani shi daga baya. Ku 'ya'yan Iro da ku 'ya'yan Gambo, don ku nake wannan, ku ake tsokana da shi a kasuwa kuna sunkuyar da kai kamar an kama ku da sata.

Shekarar ita ce wadda kuɗin mai suka fara gangarowa har ƙauye, kowane ɗan tebur ya rataya rediyo a kafaɗa, jakuna suka daina firgita in sun ji babur. Maigidana, Allah ya jiƙan shi, ya riga ya kwanta dama. Shi ne Sarkin Damben mahautan Kankiya tun kafin Bature ya tattara nashi ya tafi. Da ya rasu sarauta ta koma kan ƙanenshi Barau, tukunya kuwa ta tsaya inda take, a gidana. Duk wanda ya ɗaure hannu da sunan Kankiya tuwona yake ci kafin ya shiga fage, ni ke gasa mashi fuska da ruwan zafi in ya fito, ni ke dafa mashi sassaƙe in ya yi targaɗe. Don haka ake ce mani Uwar Runduna. Ba a naɗa mani rawani ba, amma ba a yanke magana a zauren Barau sai an aiko an ji ta bakina. Ko in ce haka ake yi kafin wannan shekara.

Dambe a wurinmu na kaka ne. Da an sa gero a rumbu kalangu zai tashi, runduna ta bi garuruwa, yau Rimaye, jibi Kusada, wani makon Fakuwa, har sai hadarin fari ya haɗo kowa ya koma gona. In mutum ya kai abokin karawarshi ƙasa, ko da gwiwa ce ta taɓa, sai a ce ya kashe shi, a lissafa wa garinsu. Da can abin da ake samu bai wuce goro da riga ba, sai budurwa ta goge maka gumi da gyalenta, ka kwana kana murmushi. A shekarar nan ne 'yan kasuwar yankin suka haɗu suka ɗaure wani farin sa mai tozo kamar tulu, suka ce garin da ya fi kisa ranar rufe fage shi zai ja shi gida. San nan shi ya juya kan maza. Mutanen da suke yanka shanu kullum safiya, wai su ne suka rasa barci a kan sa guda.

Da kaka ta yi rabi Rimaye ta riga ta zube, saura mu da Kusada, kunnen doki. Ƙarfinmu mutum biyu ne, Iro da Gambo. Iro ɗana ne, ba shi ne na fari ba, shi ya sa kuke jin ina kama sunanshi. Gambo ba ni na haife shi ba. Uwarshi 'yar Kaikai ce ta ƙasar Kusada, aure ya kawo ta maƙwabtana, ta kwanta ciwo tana cikin wankan jego, ni kuma ina goyon Iro. Ranar da za ta cika ta kama hannuna ta ɗora a kan jaririn. Na sa shi a nono ɗaya, Iro a ɗaya. Tabarmarsu guda, kwanonsu guda, rana guda wanzami ya yi masu kaciya, rana guda aka fara ɗaure masu hannu. In kun tambaye ni wa ya fi, Iro ya fi nauyin hannu, Gambo ya fi ido da ƙafa. Amma gari ya riga ya yanke cewa Iro ne gaba, tunda ɗan Sarki ne.

Lalurarmu ɗaya ce. Kusada na da wani bahago, Nomau, gajere mai wuya kamar turmi. Yaranmu duk da na-dama suka saba, in ya tsaya masu ta hagu sai su rasa ta inda naushi zai ɓullo. Ya bi su yana kashewa ɗaya bayan ɗaya. Iro ya kara da shi aka tashi babu kisa, amma ya dawo mani da ido a rufe, na yi kwana da kwanaki ina gashi. Ga kuma na ukunmu ya goce kafaɗa a Fakuwa, an ɗaure shi da kara kamar ɗan akuya. Kowa ya san in aka tafi a haka, ranar rufe fage Nomau ne zai riƙe igiyar san.

A nan ne Alhaji Mai Tifa ya shigo maganar. Ɗan garin nan ne, na san shi tun yana yawo da tiren tsire a ka a tasha. Ya samu kwangilar kwasar tsakuwa ta hanya, ya sayi tifa, ya je Makka ya dawo da haƙori mai walƙiya, ya zama ba ya iya rufe baki in yana magana. Tifarshi ke kai runduna gari gari, don haka maganarshi ta yi nauyi. Ya je Kaduna ya kalli 'yan ƙwallo, wai can in ƙungiya ta rasa mai wani aiki sai ta ba da nata ta karɓo na wasu, ana tsakiyar gasa, kamar musayar akuya da tunkiya. Wata safiya ina tuƙin tuwo sai ga shi da Barau sun yi sallama har tsakar gida. Tsakanina da Barau akwai wasan ƙanen miji, ba ya jin haushin bakina, ni ma ba na rage mashi.

"Matar Yaya, a ajiye muciya, magana muka kawo."

"Da hannu nake tuƙi, ba da kunne ba. Faɗi. In ta hankali ce yau in zuba ruwa a ƙasa in sha."

Alhaji ya gyara babbar riga ya zauna a kan turmina, ya ce hanyoyi ne suka buɗe, so suke a zaɓa kafin wasa na gaba. Rimaye, tunda sun fid da rai, sun yarda su ba mu Dogonsu, mu ba su yara biyu daga cikin masu tasowa.

Na ce, "Dogo? Wanda gwiwarshi ke kuka kamar tsohuwar ƙofa? Na ga cin tuwonshi, Alhaji, sai dai ka ƙaro mani buhu. Turmin farko kawai gare shi, in aka shiga na biyu numfashi yake nema ba abokin karawa ba. Nomau zai zagaya shi har jiri ya kayar da shi. Ku ba da yaran da hannunsu ke nuna yanzu, bana ba sa, baɗi ba runduna."

Barau ya ce shi ma abin da ya gani ke nan. Daga yadda ya yi saurin yarda na gane Dogo share fage ne kawai, ba shi ya kawo su ba.

Na ce, "Ni da za ku ji tawa, a zauna yadda ake. Iro ya ga hannun yaron nan, ya ce kafin ya saki naushi yana sauke kafaɗa. A nemo bahago ko ba ɗan dambe ba ne, ko mai jima ne ko mai faskare, a ɗaure mashi hannu a bayan mahauta yaranmu su riƙa gwadawa har idonsu ya saba."

Alhaji ya yi dariya har haƙorin ya haska mani miya.

"Inna, mi za a yi da bahagon aro, ga na gaske shina neman gida?"

Sai ya zayyana. Ashe Nomau ya ɓata da Sarkin Dambensu. Ranar da surukanshi suka zo kallo aka fara tayar da wani kafin shi, ya ce an wulaƙanta shi, ya rantse ba zai sake ɗaure hannu da sunan Kusada ba. Su kuma sun ce za su sake shi, amma ba su tashi hannu rabbana. Gambo suke so. Wai ai uwarshi tasu ce, ɗansu za su karɓa.

Ku ji da kyau, don nan ne ake mani ƙarya. Ban ce dabarar banza ba ce. Ka cire wanda ke kashe maka yara ka mai da shi naka, wa zai ƙi? Da wani suka nema ba Gambo ba, da ni zan fara rangaɗa guɗa. Amma na sauke muciya na ce masu, in Gambo ya koma Kusada shi ne zai zama babbansu, Iro kuma shi ne babbanmu, ranar rufe fage kuwa manya ake haɗawa. Waɗanda suka sha nono ɗaya ba su ɗaga wa juna hannu a fage. Ba ni na ƙirƙiro ba, haka kakanninku suka taras.

Barau ya ce, "Mun yi wannan tunanin, Matar Yaya. Sharaɗi za a sa a gaban dattawa, a shafa Fatiha. Nomau ne zai tari Gambo, Iro ya tari wani. Ba za a haɗa su ba."

"Kai da ka tsufa a fage kake faɗa mani haka? Yaushe ka ga dattawa sun riƙe fage in jini ya hau?"

Alhaji ya ce, "Inna, zamani ya canza."

"Ya canza nonon da suka sha?"

Alhaji ya kalli Barau, Barau ya kalli tukunya. Suka ce za su yi shawara, suka fita. Na ce ban yarda ba, na faɗa da ƙarfi yadda har mai tallan fura a waje ta ji.

Da maza kaɗai ne da na iya da su. Abin da ya karya mani gwiwa da azahar ya shigo. Gambo ya zo ya tsuguna gefen murhu yana wasa da itace, abin da yake yi tun yana yaro in yana da magana.

"Inna, ki bar ni in tafi."

"Ka tafi ina? An kore ka? Tuwon ne ya yi maka kaɗan?"

"Inna, ko na kashe mutum a nan, cewa ake ƙanen Iro ya yi kisa. Ni ba ni da suna. Can in na tsaya, Gambo za a ce."

Na ce mashi suna yake nema, to ni na riƙe shi ranar suna, ni na ji abin da liman ya raɗa. Bai ɗaga kai ba. Na juya wajen Iro, yana zaune a inuwa yana wasa wuƙa a dutse, na ce ba zai yi magana ba? Ya gwada kaifin wuƙar a gashin hannu.

"Inna, ai ba Gabas zai tafi ba. Kusada ce, ko a ƙasa sai a je a dawo."

Shi ma san ke ranshi. Na dubi yaran nan biyu da na goya, ɗaya gaba ɗaya baya, na ga babu wanda yake tare da ni a cikinsu. Haka aka yi. Dattawan Kusada suka zo zauren Barau, aka raba goro, aka faɗi sharaɗi, aka shafa Fatiha, ba a aiko an ji ta bakina ba. Tifa ta tafi da Gambo ta dawo da Nomau.

Na so in tsani yaron nan Nomau, Allah ya sani na yi ƙoƙari. Abin haushi, mai ladabi ne. Ba ya shigo mani gida sai ya cire takalmi tun daga zaure, in ya gama cin tuwo shi ke wanke kwanonshi, randata ba ta sake kwana babu ruwa ba. Aikin da aka kawo shi yi kuma ya yi. Yaran Kusada da suka saba fakewa bayanshi suka ɗanɗana abin da namu suka sha. Alhaji ya riƙa bi ta ƙofar gidana yana danna hon don in ji. Sai dai akwai abin da masu lissafi ba su sa a lissafi ba. Mutumin da suka bayar, tare ya tashi da yaranmu, ya san wanda ke lumshe ido kafin ya kai naushi, ya san mai ja da baya da ƙafar hagu, ya san mai tsoron haɓa. Gambo da ya ji ana kiran sunanshi shi kaɗai sai ya zama wani abu daban. Duk wanda Nomau ya kashe masu, Gambo ya rama a kan namu. Ina gasa fuskokin da hannun ɗana ya kumbura, ina tambayarsu ko ya rame, ko suna ba shi abinci can. Haka aka yi ta tafiya har iska ta fara ƙanshin ruwa, aka zo ranar rufe fage ana nan inda aka faro, kunnen doki. An tayar da ƙura, an raba gida, ba a matsa ko taku ba.

A Kusada aka rufe. Bayan la'asar ne, jama'a har kan itatuwa, an ɗaure san a gindin tsamiya an shafa mashi lalle a goshi. Mata ba su shiga fage, don haka ina tsaye a kan tifa kusa da masu sayar da ƙosai, daga nan ana hango komai. Iro ya riga ya yi nashi, ya kashe wani dogon yaro, ya koma ya zauna cikin rundunarmu ta yamma, hannu a ɗaure, don ba a kwancewa sai an tashi. Kusada suka rama. Saura karawa ɗaya, wadda dattawa suka tsara, Nomau da Gambo. Wanda ya yi kisa, garin da yake wa wasa ya ja sa. Na ce a raina, to Barau, yau kam ka ci ni, ga shi an zo ƙarshe ba a haɗa su ba.

Makaɗin Kusada ya saɓa kalangu don ya tayar da Gambo.

Ku da kuka tashi a zamanin kaset ba ku san take ba. Kowane ɗan dambe yana da kiɗanshi, nashi shi kaɗai. In aka buga, jikinshi ba ya shawara da shi, tsuma yake ya miƙe ya faɗa fage yana kirari. Wanda ya ji takenshi ya ci gaba da zama, ya gama dambe, ko yara sai sun yi mashi ature. To ranar da aka fara ɗaure wa Iro da Gambo hannu, maigidana don jin daɗi ya ce wa makaɗinmu tagwayen nono ne, a yi masu take guda. A Kankiya bai taɓa zama matsala ba, makaɗi yakan je gaban wanda yake nufi ya durƙusa ya buga, ɗayan ya san ba da shi ake ba. Tun da aka yi musayar kuma Allah bai sa an tayar da Gambo Iro na zaune a fage ba, in wannan na wasa a Rimaye wancan na Fakuwa. Makaɗin Kusada abin da ya ji ana buga wa Gambo shi ya koya, babu wanda ya ce mashi a yi sabo. An zauna an raba goro, an yi sharaɗi, an musanya mutum, an bar kiɗanshi a gida biyu. Ni ma ban tuna ba. Amma ni tukunya aka ba ni, ba kalangu ba.

Ya tsaya a tsakiyar fage ya buga. Gambo ya zabura daga gabas. Iro ya zabura daga yamma. Nomau na sunkuye yana gyara warki, kafin ya ɗago kai fage ya cika da mutum biyu.

Ihun da aka yi, tsuntsaye sai da suka bar tsamiya. Abin da jama'a ke kwaɗayin gani ke nan tun da aka yi musayar, ga shi ya faɗo masu a bagas. Ka'ida kuwa kowa ya san ta, in biyu suka tsaya daga gari biyu da hannu a ɗaure, dambe ya ƙullu, wanda ya fita an kashe shi. Barau yana zagaye fage yana ɗaga sanda. Alhaji yana ta ihun sharaɗi, Fatiha, babu mai jin shi ko shi kanshi. Dattawan Kusada suka ɗaga kafaɗa, wai ba su suka kira shi ba, takenshi ne. Makaɗi da ya ga ana mashi ruwan liƙi sai ya ƙara matse kalangu. Na dubi yarana. Gambo ya rusuna ya miƙa hannun tsaro. Iro idonshi ya kaɗa ya yi ja, na san wannan idon, na ubanshi ne, ba ya gane kowa in ya yi haka. Suka fara zagaya juna.

Ban san yadda na sauko daga tifar ba. Na dai ga ina ture maza, wani ya riƙo mani mayafi na bar mashi shi. Na keta fagen nan da ƙafata, ni mace, ƙasar da ko inuwata ba ta taɓa faɗawa ba duk shekarun da na yi ina ciyar da masu shigarta. Na tsaya tsakaninsu, na ɗora hannu a kan ɗaurin zanena a ƙirji. Babu wanda ya tashi a ƙasar nan bai san abin da ake nufi ba in uwa ta ɗaga wa ɗa nono. Ba ya sake ganin daidai har ya koma ga Allah. Kalangu ya yi shiru kamar an yanke mashi wuya.

Na ce, "Wanda ya fara ɗaga hannu a cikinku, ni ma zan ɗaga mashi abin da ya sha."

Gambo ya miƙe tsaye. Iro ya daɗe yana huci kafin idonshi ya dawo, ya gan ni, ya ga wanda ke bayana. Hannunshi ya sauka.

Sarkin Damben Kusada ya matso, dattijo ne mai hankali, ya rage murya.

"Inna, mun ji, kuma gaskiya gare ki. Amma fage ba ya tashi a haka. Ɗaya zai kwance."

Kwance hannu a nan kisa ne, kuma kisan shi ne san. Kafin ya rufe baki Gambo ya kai haƙori kan igiyar hannunshi.

"Ni zan kwance, Inna."

Na buge mashi hannu. Na dubi mutanen Kusada da suka kewaye mu, na ga fuskokinsu. In Gambo ya kwance, kafin magariba magana za ta gama gari cewa Kankiya ta turo shi ne ya ci tuwonsu ya sayar da su ranar ƙarshe. Ba zai kwana a Kusada ba. In ya dawo Kankiya kuma shi ne wanda ya kumbura fuskokin 'yan'uwanshi kaka guda. Gari biyu, babu nashi. Wadda ta ɗora hannuna a kanshi tana ƙarƙashin ƙasa, ba ta da bakin da za ta tsaya mashi. Iro yana da gidan uba, yana da dangi cike da unguwa, yana da sunan da zai iya ɗaukar kunya ya rayu.

"Iro, kwance."

Ya dube ni kamar na yi wani yare.

"Ni, Inna?"

"Kai."

"Ni fa na yi kisa yau. Gidanmu ne sarautar. Ni zan kwance a gaban Kusada?"

"Kai na haifa."

Ya kwance. A hankali ya yi, zagaye bayan zagaye, idonshi a kaina, har tsumman da ke ƙarƙashin igiyar ya faɗi ƙasa. Ya taka shi ya wuce. Aka kwance sa daga tsamiya ana guɗa, ni kuma na fita ta inda na shigo, babu wanda ya riƙe ni wannan karon, hanya ma suka ba ni.

Tifa ta dawo da mu Kankiya. Washegari Barau ya shigo, ba sallamar wasa.

"Matar Yaya, kin kashe mu."

"Ku kuka ba da yaro kuka manta da kiɗanshi. Ni da kai, wa aka naɗa wa rawanin?"

Ya ce laifin makaɗi ne. Makaɗi ya ce laifin dattawa ne. Alhaji ya ce laifin Barau ne, Barau ya ce ai dabarar Kaduna ce. Suka yi ta juya shi kamar waina har suka samu wanda kowa ya yarda a ɗora wa, macen da ta shiga fage. Kaka ta gaba aka ɗauke tukunya aka kai wani gida. Na ce Allah raka taki gona, bayana ma ya huta. Ƙarya nake, na daɗe ina zuba gari fiye da na gidana in hannu ya manta.

Wannan duk mai sauƙi ne. Iro bai sake ɗaure hannu ba. Yara na ganinshi a mahauta suna kwaikwayon kwance igiya. Kafin ruwa ya sauka ya ɗauki wuƙaƙenshi ya tafi Kano, bai yi mani sallama ba, a bakin maƙwabta na ji. Damuna ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har na daina fitowa in na ji mota ta tsaya. Da ya dawo, ya dawo da mata da ku 'ya'yanshi kuna ƙanana. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya rufa mani ɗaki da kwano, shi ya kai ni Makka. Ban rasa komai a hannunshi ba. Amma in kalangu ya tashi a unguwa ina ganinshi yana miƙewa ya shige ɗaki, in ina wurin ba ya duban inda nake. Har Allah ya karɓi abinshi bai taɓa ce mani na yi daidai ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Ranar da ya rasu, kafin a gama aika wa dangi Gambo ya iso daga Kusada, tsoho da furfura, ya ce kowa ya matsa. Shi ya yi mashi wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi ya gyara mashi kwanciya, da hannun nan na dama da bai taɓa sauka a fuskarshi ba. Ku da kuka je maƙabarta kun gani, ni labari aka kawo mani.

To ga yadda aka yi. In an sake tare ku a kasuwa ku ɗaga kai ku ce e, kakarku ce, ita ta shiga. Kuma ko yau aka sake buga kalangun nan, da sandata zan shiga, Iro zan ce ya kwance.